Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Mambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ƙungiyarmu ta ma'aikatan harkar jiragen sama ta yi tarukan wata-wata yadda aka saba, sai na watan azumi da na lokacin jigilar alhazai da aka ɗage.

Na san abin da za a fara tambayata shi ne asusun taimakon sabunta takardun aiki, wanda muka yi alkawari a babban taron bara. Ba a buɗe shi ba, kuma zan faɗi dalili ba ɓoye-ɓoye. Waɗanda suka biya kuɗin wata-wata cikakke a bana ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun bi mutane har wurin aikinsu, mun tura saƙo a zauren WhatsApp har wasu suka fara ƙin ɗaga wayarmu. Ga kuma dala da ta haura naira 1,500 a cikin shekarar, alhali horon na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi da yawancin matuƙanmu ke fita waje su yi da dala ake biyansa. Da mun buɗe asusun da ɗan abin da ke hannu, mutum ɗaya ko biyu za su cinye shi, sauran su ce an yi son kai. Kwamiti ya ga gara a jira. Masu cewa kuɗi sun salwanta su zo su duba littafin ma'aji, a buɗe yake.

Ɗan littafin Hausa kan haƙƙin ma'aikaci da ƙa'idojin kiyaye haɗari shi ma bai fito ba. An rubuta shi, amma sai muka gano wasu sassan a kan tsofaffin ƙa'idoji aka gina su, ga shi hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ta fitar da sababbi a 2023. Dole a sake bin sa shafi-shafi. Ba za mu raba wa mai lodi takardar da za ta sa shi kuskure a gindin jirgi ba. Mutum uku aka ɗora wa aikin dubawar, ɗaya ne ya dawo da nasa.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne bitar yini ɗaya da muka yi a watan Mayu. Da gangan muka zaɓi watan. A ranar 4 ga Mayu 2002 ne jirgin fasinja ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan da tashinsa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, mutum fiye da 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa. Da addu'a gare su muka buɗe. Akwai dattawanmu da suna bakin aiki a ranar, kuma da ɗayansu ya miƙe ya ba da labarin yadda labari ya iso fili, ɗakin ya yi tsit. Matasa da yawa a lokacin ba su ma shiga makaranta ba.

Malamin da ya jagoranci darasin kaya masu haɗari tsohon ɗalibin kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya ne, kuma ko kuɗin mota bai karɓa ba. Allah ya saka masa da alheri. Ya zo da akwati cike da irin kayan da muke gani kullum a Kano: kwalaben turare na 'yan kasuwa, ƙaramar tukunyar gas, ashana, da batiran cajin waya. Ya sa kowa ya ware abin da zai iya shiga ɗakin kaya na jirgi da wanda ba zai shiga ba. Da yawanmu, har da masu shekaru a aiki, mun jefa batirin caji cikin kayan da ke shiga ɗakin kaya. Sai ya yi bayanin cewa batirin litiyam idan ya kama da wuta a hannun fasinja ma'aikatan cikin jirgi za su gani su kashe, a ɗakin kaya kuwa babu mai isa gare shi jirgi yana sama. Ya kuma tunatar cewa wannan horo duk bayan wata 24 ake sabunta shi, kuma nauyin kamfani ne, ba alfarma yake yi wa ma'aikaci ba.

Bayan azahar aka shiga batun nauyi. Duk mai aiki a kantar awon kayan fasinja ya san Hajiya ko Alhajin da zai roƙe ka ka rage masa kilo goma don Allah. Ɗaya daga cikin masu tsara tashin jirgi ya nuna mana a allo yadda kilon da aka ɓoye ke ɓata takardar lodi da matuƙi ya dogara da ita, musamman a ƙaramin jirgi, cikin zafin bazara da jirgi ke buƙatar hanya mai tsawo kafin ya ɗaga. A ganina wannan awa ɗaya ta fi duk tarukanmu na shekara amfani. Daga nan ne wata 'yar uwa ta yi tambayar da ke cin kowa: idan ka kai rahoton kuskurenka, wa zai hana a kore ka? An yi muhawara sosai. Tsarin kula da lafiyar zirga-zirga da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tanada, wanda kowane kamfani mai lasisin jigila ke da shi a rubuce, a kan kai rahoto ba tare da tsoro ba ya tsaya. A ofisoshi da dama dai takardar tana cikin durowa, tsoron yana nan.

Batun fansho mun taɓa shi, ba mu gama ba. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8, kamfani ya sa kashi 10. Wasu mambobi sun ce ana cire nasu amma ba ya shiga asusu. Mun nemi su kawo takardar bayanin asusunsu don mu miƙa wa ƙungiyoyin ƙwadago irin su NUATE ta ma'aikatan sufurin jiragen sama, tunda mu ba mu da hurumin zama da kamfani. Mutum biyu suka kawo. Haka batun mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli: ƙorafi a baki kawai, ba takarda. Ba za mu iya shiga gaba da jita-jita ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, waɗanda ba sa zuwa taro kuma ba sa biya su ne na farko da ke kira idan an dakatar da su ko albashi ya makale. Muna amsawa, domin 'yan uwa ne, amma mu ma aikin kwana muke yi, kuma a lokacin hazo da jirage ke jinkiri mu ne fasinja ke sauke wa fushi.

Duk mai bashin wata shida ko fiye ya ga ma'aji kafin ƙarshen Janairu. A taron Fabrairu za a karanta jerin masu bashi, kuma a nan za a zaɓi sabon sakatare, domin wa'adina ya cika.

Wassalam,
Sakatare