Wasiƙa daga Cennai

Assalamu alaikum Malam Sabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san ranka ya ɓaci. Saƙonka uku na gani ban amsa ba, kuma dalilina ɗaya ne, hankalina ba ya jikina. Yau ya dawo. An yi wa Baba aikin zuciyar a nan Cennai, ƙasar Indiya, ranar Talatar makon jiya, jiya kuma ya taka da ƙafarsa tun daga gado har bakin taga, ya tsaya yana kallon ruwan sama, sannan ya juyo ya ce in samo masa goro. Goro fa, Sabo! Mutumin da aka tsaga wa ƙirji kwana takwas da suka wuce. Fita na yi baranda na yi kukan farin ciki son raina.

Ranar aikin, awa biyar ina kan benci da carbi a hannu. Wata dattijuwa 'yar garin tana gefena, mijinta ma yana ciki. Ba ta jin harshena, ba na jin nata. Can ta tashi ta dawo da kofi mai madara a ɗan kofin ƙarfe, ta yi ta juya shi tsakanin kofin da wata 'yar tasa har ya huce, ta miƙo mini. Da likita ya fito ya ɗaga mini babban yatsa, ita ta riga ni murna. Mijinta ma ya tashi, alhamdu lillahi.

Maganar sarin lefen ƙanwarka na gani, zan zo kanta. Bari tukuna in ba ka labarin da zai ƙona maka rai. Ka tuna yadda ka cika mana kunne tun muna samari cewa da an sauke ka a Indiya ba ka bukatar tafinta? To, zo nan ka gwada Indiyancin gidan kallon naka. Tamil ake yi a nan, harshe daban, rubutu daban, ba su ma haɗa dangi da Hindi ba. Kuma suna kishinsa ba da wasa ba. A 1965 da aka so mayar da Hindi harshen gwamnati shi kaɗai, ɗalibai suka fito zanga-zanga a jihar nan ta Tamil Nadu, aka rasa rayuka, kuma bayan shekara biyu jam'iyyar masu kishin Tamil ta karɓi mulki. Har sunan garin suka sauya a 1996, daga Madras zuwa Cennai. Na ga girmansu a wannan, wallahi. Yaro mai tallan fure yana karanta jarida da harshen uwarsa, allon asibiti da na tasha duk Tamil ne a sama.

Amma ka kwantar da hankalinka, fim ɗin da kake so ya fi ƙarfi a nan. Da yawa daga cikin na fassarar da yaranka ke kallo a waya daga kudun nan suke fitowa. Jarumin fim, M. G. Ramachandran, ya mulki jihar Tamil Nadu daga 1977 har ya mutu a 1987, daga baya kuma Jayalalithaa ta yi mulki, ita ma jaruma ce. Kaburburansu na bakin teku, mutane na ta tururuwa can kamar kasuwa. Da kai ɗan garin nan ne da tuni ka tsaya takarar kansila.

Tekun kuwa, ranar Lahadi na je da asuba don in sha iska. Marina suke kiran wurin. Yashi ne shimfiɗe, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ƙafarka ta taɓa ruwa, rana kuma daga cikin tekun take ɓullowa, don garin gabas yake fuskanta. Na iske masunta suna jawo jiragensu, mata sun jera kifi a kan buhu suna ciniki da ƙarfi kamar 'yan kasuwar Kwari. A arewa da wurin akwai tsohuwar ganuwar Turawan Ingila, Fort St George. A 1639 wani ma'aikacin kamfanin cinikinsu mai suna Francis Day ya karɓi ɗan yankin yashin nan daga hannun sarkin wurin, don sayen yadi kawai. Daga rumbun yadi gari ya tashi, har yau gwamnatin jihar a cikin ganuwar take zama.

Af, kafin in manta, da gaske ne Ɗanliti ya sayar da adaidaitarsa ya koma noman rani? Habu ne ya faɗa mini, kuma ka san maganar Habu. In gaskiya ne ka gaya masa ina garin da hedkwatar kamfanin TVS take, kuma na nan ma launin ɗorawa ne, sai dai direbobinsu sun fi shi iya kurɗawa.

Juma'a a unguwar Triplicane nake yi, a babban masallacin Wallajah da Nawab, wato sarkin Arcot, ya gina a 1795, duk da dutse, babu katako babu ƙarfe. Bayan sallama wani tsoho ya riƙe hannuna, ya lura na saki hannu a tsayuwa. Na ce masa Najeriya, Malikiyya. Ya yi ta gyaɗa kai, ya ja ni shagon ɗansa aka ba ni biriyani. A unguwar nan dai ana jin Urdu, ɗan'uwan Hindi, nan kaɗai ne kalmominka goma za su yi maka rana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Yanzu ku kuna shirin hunturu, nan damina ce tsakiyarta, daga Oktoba zuwa Disamba suke samun ruwansu mai yawa. Mai masaukinmu ya nuna mini tabon da ambaliyar Disambar 2015 ta bari a bangon bene na ƙasa, ya kai ƙirjina. Lokacin har filin jirgi aka rufe. Garin nan dai, a 2019, manyan madatsun ruwansa huɗu suka ƙafe, sai da aka riƙa jigilar ruwan sha a jirgin ƙasa daga Jolarpettai, tafiyar fiye da kilomita 200. Ya hau da ni rufin gidan ya nuna mini bututun da ke kwashe ruwan indararo ya zuba a wani rami mai tsakuwa da yashi kusa da rijiyarsa, don ƙasa ta sha. Doka ce a jihar tun 2003. Na ɗauki hoto, don kai da ke ta ƙorafin rijiyarku na janyewa kowane bazara, wannan aikin bai fi ƙarfin magini ɗaya ba. In na dawo za mu gwada a gidanka.

Baba ya ƙi abincin asibiti kwana biyu, yana neman tuwo. Da aka kawo idli ya ɗanɗana, sai ya ce ai wainar shinkafa ce aka hana ta mai. Ya yi gaskiya, ƙullun shinkafa ne da wani baƙin wake, ya kwana ya tashi, a turara. Yanzu huɗu yake ci da safe. Likita ya ce in ɗinkin ya ci gaba da kamewa haka, nan da mako uku za a ba mu takardar hawa jirgi.

Ka je wurin Inna da kanka, kada ka aika yaro. Ka ce mata ka ji daga bakina ya yi tafiya, don a waya tana ganin ɓoye mata nake yi. Ka sa malam ya ci gaba da addu'a. Goron kuma likita ya hana, kada kowa ya zo da shi filin jirgi, musamman kai.

Naka har kullum,
Bala