Zuwa ga ƙawata a Maraɗi

Assalamu alaikum, ƙawata. Ya gida, ya yara, ya maigidan naki mai rowar kilishi? Na san za ki ce na yi shiru tun ƙaramar salla. Na amsa laifina, amma ke ma ai wayarki ba rijiya ta faɗa ba.

Zancen Auta ne ya hana ni barci. Kin san ta fara sayar da humra da turaren wuta, kasuwa ta buɗe mata, har daga Kaduna ake aikowa. Watan jiya ta ɗora ɗan bidiyo a TikTok tana nuna yadda ake turara kaya a kasko, ko minti ɗaya bai kai ba. Sai wani ya rubuta wai baƙa kamar gindin tukunya, ta wanke fuska kafin ta sayar da ƙamshi. Wani kuma ya yanko hoton wushiryarta, aka yi ta yawo da shi a WhatsApp. Abin da ya fi ci mini rai, da yawan masu dariyar mata ne 'yan uwanmu.

Yarinyar da ke cika gida da surutu, yanzu in dariya ta kama ta sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Madubin ɗakinsu ta juya shi yana kallon bango. Shekaranjiya ina neman allura a jakarta na ci karo da man bilicin. Auta fa! Wadda ta sa miki suna Baturiyar Fagge lokacin da kika gwada.

Hajiya cewa ta yi ita ta kai kanta. Sai na tuna 2020, da aka yi wa Rahama Sadau ca kan hotunanta har ta fito tana kuka tana ba da haƙuri. Ni da ke muna kan tabarma muna cewa ita ta jawo. To Auta hijabinta har ƙasa, me ta jawo? Kunya ta kama ni, wallahi.

Yaya ya ce dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana irin wannan, sashe na 24, kafin a yi mata gyara a 2024. Amma wa za mu kama? Mutumin ba suna, hoton zaki ya sa. Hajiya kuma ta ce zuwa wurin 'yan sanda tonon silili ne.

Af, an fasa bikin nan da muka yi wa anko. Wai a kan kayan lefe. Atamfata tana wurin tela, ya riga ya yanka!

Akwai abin da na zauna in tambaye ki, ya shige mini. Ke dai ki kira Auta ki ce kina son humra kwalba biyu, ki yaba ta sosai, kada ki nuna kin ji komai. Kuɗin ni zan biya. Ki gaida Inna.

Taki,
Maman 'yan biyu