A ba Davy Graham haƙƙinsa a shirin kaɗe-kaɗen duniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga dukkan ma'aikatanku, na rubuto ne a kan shirinku na kaɗe-kaɗen duniya na makon jiya, wanda kuka keɓe wa gwanayen jita na Ingila da Amurka. Shirin ya yi armashi, Allah Ya ƙara basira. Sai dai mai gabatarwa ya ambaci Jimmy Page da Paul Simon, ya yaba musu yadda ya kamata, amma har aka rufe fili ban ji sunan Davy Graham ba, alhali kuwa dukansu biyun sun ɗebi ruwa a rijiyarsa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

An haifi Graham a Ingila a 1940. Mahaifinsa ɗan Sikotlan ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Guyana. Jitar katako yake kaɗawa, wadda ba a jona ta da lantarki, kuma da yatsu yake tsinkar tsirkiyar. Tun yana matashi ya ƙi tsayawa a gida ɗaya: waƙoƙin gargajiyar Birtaniya, da kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka, da jaz, da sautin Larabawa da na Indiya, duk ya haɗa su a jikin jita guda. A lokacin mutane ba su saba da haka ba, kowa na tsare da layinsa.

Wajen 1962 ya fitar da wani kiɗa marar waƙa mai suna "Anji". Babban yatsa na sauka mataki huɗu a kan tsirkiyoyin ƙasa, ya koma ya sake, sauran yatsun kuma suna can sama suna zuba karin, har mai sauraro ya ɗauka mutum biyu ne ke kaɗawa. Kiɗan ya zama jarrabawar duk wani yaro da ke son a kira shi makaɗin jita a Landan. Bert Jansch, wani gwanin jita ɗan Sikotlan, ya ɗauke shi a faifansa na 1965, Paul Simon ma ya sa shi a faifan Simon da Garfunkel na 1966.

Amma abin da ya fi sa nake girmama shi, shi ne abin da ya yi bayan ya je Maroko a farkon shekarun 1960. A can ya zauna ya saurari masu kaɗa ud, wato molon Larabawa, ya tarar jitarsa yadda Turawa ke ɗaure ta ba ta iya bin su. Wani da sai ya lanƙwasa kiɗan mutanen ya dace da abin da ke hannunsa, ya koma gida ya ce ya iya. Shi kuwa jitar ya gyara. Cikin tsirkiyoyi shida ya sassauta uku, ta ɗaya da ta biyu da ta shida, kowacce ya sauke ta mataki guda. Abin da ya fito shi ne ɗaurin da ake kira DADGAD, kowane harafi sunan sautin tsirkiya ɗaya ne. Tsirkiyoyi uku suka zama masu amo iri ɗaya, biyu kuma suka zama tagwaye, don haka ana iya barin na ƙasa suna ta gunji ba yankewa, yatsa ɗaya kuma yana yawo a kan ta sama yana jan karin yadda mai ud ke yi. Ni kaina ina ɗan taɓa jita, kuma idan na sauke tsirkiyoyin nan uku na shafa su a buɗe, ko hannun hagu ban ɗora ba, sautin da ke fitowa ba na murna ba ne, ba kuma na baƙin ciki ba, yana rataye ne a tsakani, yana jiran inda makaɗi zai kai shi.

Da wannan ɗaurin ya kaɗa wata tsohuwar waƙar Ailan ta fito da ƙamshin gabas, kuma duk mai kunne ya san daga nan Jimmy Page ya samo kiɗansa "White Summer" na 1967, ko da yake ba a rubuta sunan Graham a jikinsa ba. Yau makaɗan gargajiyar Ailan da Sikotlan sun rungumi DADGAD har wasu na zaton gadonsu ne tun kaka da kakanni.

Shi dai bai yi kuɗi ba, bai kuma yi sunan almajiransa ba. Miyagun ƙwayoyi sun cinye masa shekaru masu yawa, abin da nake jin zafinsa duk lokacin da na saurari yadda hannunsa yake a ƙuruciya. Ya rasu a Landan cikin Disambar 2008, sakamakon sankarar huhu.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, a ware masa ko da minti goma sha biyar ne a shiri na gaba. A sa "Anji", a sa "Maajun" daga faifansa Folk, Blues and Beyond, inda sautin birnin Tanja na Maroko ya fito sarai. Idan da hali kuma a gayyato wani mai jita cikin ɗakin shiri, ya sassauta tsirkiyoyin nan uku kai tsaye a gaban makirfo, masu sauraro su ji bambancin da kunnuwansu.

Na gode.

Mai sauraronku a kullum,
daga Kaduna