Wasiƙa daga gandun shanu a Wayomin

Larami, Jihar Wayomin, Amurka

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, ina neman afuwa saboda jinkirin amsa wasiƙarka. Ka tambaye ni ko na sa ƙafa a likkafa tun da na baro gida. To, na sa, har na yi mako guda cur a kan doki, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

A hutun watan Yuli na je wani gandun kiwon shanu da ke gindin duwatsun Bighon, kusa da garin Sharidan a arewacin jihar. Irin gandun nan ne da ke karɓar baƙi, mutum ya biya kuɗi a ba shi ɗaki da abinci da doki, ya riƙa bin makiyaya wurin aiki. Na san za ka yi dariya idan ka ji cewa akwai ƙasar da mutum ke biyan kuɗi don a bar shi ya yi kiwo, amma sana'a ce da ta daɗe a nan. Wani mai suna Howard Eaton da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda suka fara ta a yankin Dakota, suka dawo kusa da Sharidan a 1904, kuma a 1926 masu irin waɗannan gandaye suka kafa ƙungiyarsu a garin Bozman na Jihar Montana. Wayomin kuwa mutanenta ba su kai 600,000 ba, shanunta sun fi mutanenta yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ban ga doki ko ɗaya a turke ba. Da yamma ake sakin su gaba ɗaya su kwana a makiyaya, da sassafe wani kaboyi ya hau ya koro su garke guda, wajen hamsin, suna tafe ƙura na tashi, ba cizo ba harbi. Da na tambayi dalili sai aka ce mini dukansu dandaƙaƙƙu ne. Nan na tuna yadda muke fama ranar hawan Sallah idan ingarma biyu suka kusanci juna. Yawancinsu irin da ake kira dokin kwata ne, saboda ya shahara a tseren kwatan mil: ba shi da tsayi sosai, amma ƙirjinsa faffaɗa ne, cinyoyinsa kuma cike suke da nama.

Ni aka ba ni wani akawal da ya manyanta. Sirdinsu na fata ne, mai nauyin da sai ka ɗauke shi da hannu biyu, yana da ƙaho a gaba inda ake naɗe igiya idan an kama maraƙi, likkafarsa kuma a sake take, ƙafa ta kusa miƙewa, domin an yi shi ne don wanda zai wuni a kai. Na ɗaura majayi da kaina, na hau ba tare da kowa ya riƙe mini ba, ina ji a raina cewa yau za su ga ɗan gidan da aka haife shi a bakin barga. Ba mu yi nisa ba na so in tsayar da shi, na ja linzami yadda muka saba ja a ƙarshen sukuwa. Dokin ya kafa ƙafafunsa na baya, ya tsaya cak, sannan ya fara ja da baya da sauri, ni kuwa na tafi gaba, ƙahon sirdi ya same ni a ciki, hulata ta faɗi ƙasa. Dattijon da ke shugabantar makiyayan ya matso a hankali, bai yi dariya ba, ya ce mini zamana a kan sirdi daidai ne, amma hannuna ya yi nauyi.

Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce. Su da hannu ɗaya suke riƙe linzami, a sake, har igiyar tana lilo. Idan kana son doki ya juya hagu, sai ka ɗora masa igiyar a gefen wuyansa na dama, ya kauce mata. Idan kana son ya tsaya, sai ka zauna sosai a cikin sirdi ka ɗan ɗaga hannu. Ɗaya hannun an bar shi ne don jifa da igiya da buɗe ƙofar shinge. Sai da na kwana uku kafin hannuna ya daina yin abin da ya saba tun ina yaro.

A rana ta huɗu muka tashi da shanu da 'yan maruƙansu zuwa wata makiyaya a saman dutse, inda ciyawa ke ɗanya a wannan lokaci. Shanun nan baƙaƙe ne marasa ƙaho, irin Angus, kuma ba su san mutum ba kamar yadda shanun Fulani suka san muryar mai su da sandarsa, domin a nan akan bar su cikin shinge su kaɗai na tsawon kwanaki, sai dai a zo a duba ruwa a ajiye musu dunƙulen gishiri. Saboda haka ba a iya sarrafa su da ƙafa. A hanya aka ga wata saniya tana ɗingishi, dattijon ya ce in ware ta daga garke, ya ƙara da cewa da zarar na nuna wa dokin wadda nake nufi, in sauke hannuna a kan wuyansa in riƙe ƙahon sirdi. Na yi haka ba don na yarda ba. Saniyar ta zabura dama don ta koma cikin 'yan'uwanta, kafin in yi wani tunani akawal ya riga ta can, ya sunkuyar da kai, kunnuwansa a kafe a kanta. Ta juya hagu, ya juya tare da ita kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Sau huɗu suka yi haka, ni ba abin da nake yi sai ƙoƙarin kada in faɗo, har ta haƙura ta tsaya. Kaboyi biyu suka jefa mata igiya, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafafun baya, dawakinsu suka ja suka tsaya da igiya a miƙe, aka sauka aka duba kofaton, aka yi mata allura.

Kada ka ɗauka na raina hawanmu. Babu wanda na gani a can da zai iya zama a kan ingarma mai ji da kansa, cikin kayan ado da ƙarar bindiga da tambura, ya kai jafi gaban sarki ya tsaya a inda ya so. Amma na yi ta tunanin dawakinmu da muke gani bakinsu na jini bayan hawa, muna cewa taurin kai ne da su, alhali linzaminmu mai kaifi ne kuma hannunmu ba ya sassautawa.

Na sayi linzami guda mai gaɓa a tsakiya, irin wanda suke fara horar da dukushi da shi, zan taho da shi idan Allah ya kai mu ƙarshen shekara. Ina roƙonka kada ka bari a sa wa ɗan dukushin nan naka linzami kafin in iso, a bar shi da ragama tukuna, mu gwada wannan tare. Ka gaida Baba da kyau, ka gaida yaran barga.

Wassalam,
Naka amini