Amsa ga mai tambaya kan aiken Ibn Fadlan

Assalamu alaikum Malam,

Ka yi mana tambaya a bainar jama'a: me ya sa ake cewa aiken Ahmad Ibn Fadlan daga Bagadaza zuwa ƙasar Bulgar bai biya buƙata ba, alhali ya isa lafiya? Maganar ta kuɗi ce, Malam.

Almish, sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga (a Rasha ta yau), shi ya roƙi Halifa Muƙtadir malamai, masallaci, da kuɗin gina ganuwa saboda maƙwabtansa Khazarawa da ke karɓar haraji a hannunsa. Ayari ya bar Bagadaza ranar 21 ga Yuni, 921. Madugu Susan al-Rassi ne. Ibn Fadlan aikinsa karanta wasiƙu, miƙa kyaututtuka da kula da malaman.

Dinare 4,000 aka yi alkawari, amma ba a danƙa musu a hannu ba. Cewa aka yi a karɓo daga wani gandu a yankin Khwarizm na tsakiyar Asiya, mallakin tsohon waziri Ibn al-Furat. Wakilin gandun ya yi dabara aka tsare mai karɓowar a birnin Marwa. Kwana 28 suna jira a Bukhara, shiru. Nan ne kuskuren: suka wuce ɗauke da wasiƙar da ta ambaci kuɗin, ba kuɗin.

Hanya kuwa sun shirya mata. Sun yi hunturu wata uku a Jurjaniyya, wani birni a Khwarizm, inda Ibn Fadlan ya ce ƙanƙarar kogin Jaihun (Amu Darya) ta kai taƙi 17, gemunsa ma ya daskare daga fitowa wanka. Suka sayi raƙuma, suka ɗinka kwale-kwalen fatar raƙumi masu naɗewa don haye koguna, ga guzurin wata uku: gurasa, gero, busasshen nama. Turkawan Oguz kuma da riguna, masoro da zabibi ake sayen hanya a wurinsu. Malaman dai tsoro ya kama su, suka noƙe tun a Jurjaniyya.

Bayan kwana 70 da barin Jurjaniyya, ranar 12 ga Mayu, 922, suka iso Bulgar. Sarki ya tarbe su da girma, amma da aka kwana uku da karanta wasiƙa ya kira Ibn Fadlan, ya jefa masa ita, ya ce ina dinaren? Daga ranar, gyaran da Ibn Fadlan yake yi musu a addini ya daina shiga kunne. Har ladanin da ya hana maimaita kalmomin iƙama sau bibbiyu, sarki ya sa ya koma yadda ya saba.

Wassalam.