Zuwa ga Aminina a Kumasi

Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Yaya kasuwa, yaya baƙunta? Mu nan alhamdu lillahi, damina ta ja baya, har an fara jin sanyin hunturu da asuba. Goron da ka aiko wa Hajiya ya iso da kyansa. Ta raba wa maƙwabta, ta kuma sa maka albarka mai yawa, ta ce in tambaye ka yaushe za ka leƙo gida.

Maganar da ke bakina ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Na bar garejin maigidana, da yardarsa da addu'arsa, na kama ɗan shago kusa da Panteka, kasuwar maƙera da masu aikin ƙarfe ta nan Kaduna. Abin da nake yi yanzu shi ne haɗa kayan ƙafar tsofaffin motoci da hannuna in sayar, musamman na Peugeot 504. Jarin ba wani mai yawa ba ne. Kwasar adashi ce, da kuɗin babur ɗina da na sayar, da ɗan abin da maiɗakina ta ƙara mini daga kiwonta. Ban ci bashin banki ba, kuma ba ni da niyya.

Na san za ka ce, wa ya rage yana hawa 504 a wannan zamani? Suna nan, aminina, sun fi yadda kake zato. Ka tuna motar nan a Faransa aka fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara harhaɗa motoci a nan Kaduna. Turawa sun daɗe da barin 504, amma mu a nan ba a daina haɗa ta ba sai wajen 2006. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya daga Kaduna zuwa Kano, ita ce ta kai amare ɗakunansu. Yau masu ita iri biyu ne. Akwai mai a-kori-kura ko wagon da har yanzu da ita yake ciyar da iyalinsa, yana bin kasuwannin ƙauye da buhunan masara. Akwai kuma wanda ya gaji ta mahaifinsa, ya lulluɓe ta da tamfol a gida, ba ya fito da ita sai ranar Juma'a ko ranar Salla, kuma ko nawa za ka ba shi ba zai sayar ba. Dukansu biyun ciwonsu ɗaya. Inji yana da rai, giya lafiya lau, amma ƙafa ta mutu.

Kai da ba makanike ba, bari in yi maka bayani a taƙaice. Duk inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe a ƙarƙashin mota ana sa wata roba a tsakani, ita ake kira bushin. Aikinta kamar na guringuntsi ne tsakanin ƙashi da ƙashi. In ta cinye, sai ka ji mota tana ƙwanƙwasa a kan gargada, sitiyari yana yawo, taya tana cin gefe ɗaya. Ita kuwa roba ko ba a hau motar ba tana tsufa. Zafi da baƙin mai da shekaru su ke busar da ita. To in mai 504 ya shiga kasuwa neman bushin, ko dai ya samu tsohon ajiya na asali wanda ya riga ya bushe a cikin kwalinsa, ko ya samu sabo mai arha da ba ya kai damina biyu, ko kuma a yanko masa daga tsohuwar tayar babbar mota. Masu yankan taya ba na raina su, sun rufa wa direbobi asiri shekara da shekaru, amma aiki ne na ido ba na awo ba, wani ya matse, wani ya yi lako-lako. Mai kyau na waje kuwa, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ya fi ƙarfin mai a-kori-kura. A wannan giɓin nake neman abincina.

Yadda nake aikin, awo ne farko. Ba na auna tsohon bushin, domin ya riga ya lotse, ƙarya zai faɗa maka. Ramin da zai zauna a jikin hannun ƙafa, wato ƙarfen da ke riƙe taya da jikin mota, shi nake aunawa, da kaurin kusar da za ta ratsa shi, a milimita, in rubuta a littafi. Daga nan in kai wa wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe a cikin Panteka, ya fitar mini da mazubi na alminiyam da ɗan bututun ƙarfen da ke zama a tsakiya. Da ka ga hannun bawan Allah nan a kan inji! Ba ya gaggawa. Ya ɗan taɓa, ya tsayar, ya hure garin ƙarfen, ya auna, ya sake taɓawa. Wani lokaci abin da zai rage bai kai kaurin takarda ba, amma ba zai miƙo maka ba sai ya rage shi.

Abin da nake zubawa ba roba ba ce irin ta taya, wani sinadari ne da ake kira foliyuretan. Ruwa biyu ne a galan daban-daban, ana haɗa su bisa sikeli, ba da ƙiyasin ido ba, a gauraya a hankali, a zuba siriri daga gefe guda don kada iska ta maƙale a ciki. Babban abokin gabarsa laima. Ɗaya daga cikin ruwan nan in ya haɗu da danshi sai ya fitar da iska, kayan ya yi kumfa a ciki, waje kuwa sumul. Don haka a watan Agusta sai in rufe shago in gasa mazubin ya bushe sarai kafin in zuba, yanzu kuwa da iska ta bushe aiki ya fi fita, sai dai sanyi yana jinkirta daskarewarsa. Ina sa safar hannu, ina barin taga a buɗe bayan zubi, domin tururinsa ba abokin huhu ba ne. Kuma duk zubin da na yi, nakan ɗauki guda ɗaya in raba shi biyu da wuƙa in duba cikinsa a hasken rana. In na ga ƙananan ramuka, duk zubin ya tafi bola. Asara ce mai zafi ga mai ƙaramin jari, amma ban ga wata hanya ba.

Akwai maganar tauri, kuma a nan ne na saɓa da abin da nake gani a intanet. Taurin irin waɗannan kaya da ma'aunin Shore A ake gane shi. Robar da motoci kan zo da ita daga masana'anta galibi tana wajen 60 ne, masu sayar da na tsere a Turai da Amurka kuwa suna alfahari da 90 zuwa sama. Su titinsu shimfiɗaɗɗe ne, burinsu mota ta riƙe kwana. Mu fa? In ka sa wa 504 mai shekara arba'in bushin mai taurin dutse ka bi da ita hanyar ƙauye, duk dukan da ya kamata roba ta shanye ƙarfe ne zai sha, kuma tsohon ƙarfe in ya gaji tsagewa yake yi. Ban da haka, me ya sa mutane suka so 504 tun farko in ba taushin tafiyarta ba? Saboda haka ni mai matsakaicin tauri nake zubawa, wanda ya ɗan fi na asali kaɗan. Wuraren da hannun ƙafa ke murɗawa ta fuska fiye da ɗaya kuwa, nakan ce wa mai mota ya daure ya nemi robar asali, domin a nan ta fi nawa dacewa. Wasu na mamakin mai kaya yana tura ciniki wani wuri.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Akwai kayan da na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan ƙera ba, kome kuɗin da ke ciki: boljoyin, wato gaɓar ƙarfen da ke haɗa hannun ƙafa da mazaunin taya, da kan tayarod, wato bakin sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, da sifirin. Ba zan kuma yi wa hannun ƙafa walda in ce ya zama sabo ba. Bushin in ya lalace yana ba ka sanarwa, zai yi ta ƙara har ka gaji ka kai gareji. Boljoyin kuwa in ya tsinke a kan gudu, taya ce za ta kwanta, kuma babu direban da ya isa ya riƙe motar. Irin ƙarfen nan a masana'anta ake bugunsa da zafi, a gasa shi bisa ƙa'ida, a gwada shi da injuna. Ni ba ni da ko ɗaya. Haka sifirin: masu hura masa wuta don su ɗaga shi ko su sauke shi kashe masa ƙarfi suke yi, ko da ya yi kyan gani a ranar.

Kwanakin baya wani direba ya zo mini da hannun ƙafar gaba, ya tsage kusa da mazaunin boljoyin. Ya ce a ɗan ɗiga masa walda, gobe kasuwa ce, ya riga ya karɓi lodi. Na riƙe ƙarfen ina juyawa, na ga tsagar ta yi baƙi a ciki, alamar ta daɗe tana ci. Na ce masa, "Direba, ka yi haƙuri, wannan ba na walda ba ne, mu je in raka ka wajen masu tsofaffin kaya mu nemo lafiyayye." Ransa ya ɓaci, ya ce shi talaka ne, in ba zan taimake shi ba in faɗa masa. Wallahi maganar ta taɓa ni, domin na san gaskiya ya faɗa, ba shi da shi. Amma motar nan ba shi kaɗai take ɗauka ba, akwai 'yan kasuwa a kan buhuna, akwai mata da goyo. Ya ɗauki ƙarfensa ya tafi. Da na ba maigidana labari, cewa ya yi da muguwar rawa gara ƙin tashi. Har yau direban nan yana raina, ina roƙon Allah ya sa bai samu wanda ya yi masa waldar ba.

Abin da nake sayarwa dai su ne bushin na sandar sitabilaiza mai rage karkatar mota a kwana, da na idon sifirin mai falle-falle na a-kori-kura, da robar da ke tare ƙafa in ta nutse, da faifan ƙarfen da sifirin ke rataye a jiki. Kusoshi ba na yanka su, saya nake yi, kuma sai mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, alamar ƙarfinsa ke nan. Kafin in aika wa kowa kaya sai na tambaye shi wace 504 ce, domin bayansu ba ɗaya ba ne: wasu salun kowace tayar baya da hannunta, wasu aksul guda ne, wagon tana da sifirin nannaɗaɗɗe har huɗu a baya, a-kori-kura kuwa falle-falle. A kowace leda ina sa 'yar takarda da Hausa, ina roƙon makanike ya shafa man silikon da na haɗo masa, kada kuma ya ƙarasa ɗaure kusa sai ya sauke mota daga jak, nauyinta ya hau tayoyinta. Kaya masu kyau da yawa a wajen ɗauri suke mutuwa.

Ta fuskar takardu, na yi wa sunan shagon rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, kuma burina in kai kayan hukumar SON ta gwada su ta ba ni shaidar inganci. Kowane zubi yana da lambarsa a littafi, da sunan wanda ya saya, don in wani abu ya taso in san wa zan kira. Ciniki yawanci ta WhatsApp da Facebook yake zuwa, in kai saƙo tasha a ba direba. Na aika Zariya, na aika Jos, har Maraɗi an nema. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya biyu ne, wuta da bashi. In babu lantarki injin dattijon nan sai da janareta, mai kuwa ka san yadda ya koma tun cire tallafi. Bashi kuma, abokan sana'a ne, tare muka tashi, in ka hana a ce ka canza. Kai da ka daɗe a kasuwa, don Allah ka faɗa mini yadda kake yi da naka masu karɓar kaya sai an sayar, ba tare da zumunci ya lalace ba.

Sai alfarmar da nake nema. In ka samu sarari ka shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota ta nan Kumasi, ka zaga wajen masu aikin ƙafa, ka gane mini ko akwai masu zuba irin wannan kaya, da inda suke samo sinadarin, da yadda galan yake a kuɗinku. Ana yawan tambayata na Mercedes W123, irin wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, ni kuwa ba ni da samfuri mai kyau da zan auna. In ka ga hannun ƙafarta wanda bai lanƙwashe ba, ko da robar ta mutu, ka saya mini, ka ba masu kawo goro su taho da shi. Ka faɗa mini abin da ka kashe in tura maka, kada ka ce za ka bar mini.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da limaminku na zango da ya karɓe ni hannu biyu-biyu wancan zuwan. Maiɗakina tana gaida su ƙwarai. Ka sa ni a addu'a, Allah ya sa wa abin albarka, ya tsare mu da zama sanadin cutar wani. Ina jiran amsarka.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kaduna.