Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Sikila da Iyayensu, Kano

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Ga rahoton bana, ku yi haƙuri ya ɗan makara, sakatarenku ma ciwon ya kwantar da shi lokacin sanyin nan.

Babban aikin da ya ci mana shekarar shi ne zama da masu bincike. Kun san yadda aka saba, a zo a ɗebi jinin yaro a ba uwa fom da turanci ta dangwala shikenan ba ka ƙara jin ɗuriyar kowa. Kuma mu Kanawa ba a banza muke ɗari-ɗari ba, har yau ba a manta da 1996 ba lokacin annobar sanƙarau da kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, yara 200 aka sa a gwajin 11 suka rasu, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75. Shi ya sa da wasu likitoci suka nemo mu kan binciken da za su yi da yaranmu muka ce mun yarda amma da sharaɗi, sai mun ga takardar amincewar da iyaye za su sa wa hannu tun kafin a kai ta kwamitin ɗa'ar bincike, wato masu ba da izinin yin binciken, ba bayan an gama komai a kira mu ɗaukar hoto ba.

To ranar da muka zauna karanta fassarar an sha kallo. Wajen da ake bayanin yadda kwamfuta za ta raba yara gida biyu, mai fassara ya rubuta wai za a yi "caca". Wata Hajiya cikin iyayenmu ta cire gilashi ta ce ɗana, ni ɗan nawa za a yi caca da shi? Likitan ya rasa ta cewa. Aka koma aka rubuta ƙuri'a, aka ƙara da cewa ba likita ke zaɓa ba kuma duk ranar da uwa ta ga dama za ta iya janye ɗanta ba tare da an hana shi magani ba. Jinin da za a ɗiba ma mun ce a daina ce mana mililita, a ce cokalin shayi nawa. Mun sa an ɗauke ranar zuwa daga Juma'a, an kuma sa kuɗin adaidaita a kasafi, wanda ni a ganina bai ma kamata sai mun roƙa ba.

Ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, mun gayyato likita ya yi mana bayanin binciken da aka yi a nan Kano tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka wanda sakamakonsa ya fito a 2022, cewa maganin haidiroksiyuriya ko da ƙaramin awo ne yana taimakawa wajen kare yaran da aka auna musu gudun jinin ƙwaƙwalwa aka ga suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wallahi da yawanmu ranar muka fara ji, alhali a garinmu aka yi shi.

Mun kuma zaga wasu islamiyyu kan dokar gwaji kafin aure da gwamnatin Kano ta sa wa hannu a 2024, har da jinotayif a ciki, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila.

Inda muka gaza kuwa, mazaje. Duk zaman da muka yi kusan iyaye mata ne, alhali a gida sai uba ya ce to ake sa hannu. Sannan samarinmu da 'yanmatanmu masu ciwon suna kunyar magana gaban iyaye, don haka baɗi za mu ware musu zamansu daban.

Masu binciken sun yi alkawarin dawo mana da sakamako da Hausa, mun sa sun rubuta. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba dan Allah a tuntuɓi ma'aji kafin taro mai zuwa, kuma kowace uwa ta taho da maigida.